Iskar da Ke Kwance a Ƙasa

Hemant ya kwaso matarsa Sulabha da 'yarsu Manjiri mai shekara uku tun daga Pune zuwa wata gonar inabi a bayan garin Nashik, wata ranar Lahadi a tsakiyar lokacin girbi. Irin gonakin nan ne da ake matse inabi a yi giya, kuma an rubuta a ƙofa cewa ana maraba da iyali. Hemant ya karanta wannan rubutu, ya fahimce shi yadda ransa ke so: wato ko'ina ya ga dama zai kutsa da yarinya a kafaɗa.

Ba a rage yara da komai ba a wurin. Ga lilo, ga ciyawa shimfiɗe, ga ruwan inabi mai sanyi wanda bai tsima ba. Manjiri ta shiga babban baho ta tattake inabi da ƙafa har rigarta ta rine, tana ta ƙyalƙyala dariya. Mai hankali da ya ce yau an sha yawo, a kama hanyar gida. Hemant kuwa idonsa na kan wata matattakala da ta gangara ɗakin ƙasa, inda manyan tankuna suke. Abokin aikinsa ya ɗauki hoto a wurin bara, shi ma sai ya ɗauka ko ana ha-maza ha-mata.

An gitta sarƙa a bakin matattakalar, ga allon gargaɗi rataye. Wani tsohon ma'aikaci, Baba Pandurang, yana zaune a gefe.

"Yallaɓai, yau ba a sauka," in ji tsohon. "An ɗauke wuta tun safe, fankar da ke zuƙe iska ba ta aiki."

"Minti biyu kawai, Baba. Hoto zan ɗauka, ba tankin zan sace ba."

"Ai da sata ce da sauƙi. Inabi na tsima a ciki, yana fitar da wata iska mai nauyi. Ba a ganinta, kwanciya take yi a ƙasa kamar ruwa a kwano. Kai dogo ne, kanka na sama. Wannan 'yar fa, da kaɗan ta wuce gwiwarka."

Hemant ya yi dariya. "Ji tsoho da tatsuniya! Ni injiniya ne fa, Baba."

"To, Allah ya ƙara ilimi. Amma ba a sauka."

Sulabha ta ja hannun rigarsa. "Baban Manjiri, don Allah ka bari. Mutumin nan wurin aikinsa ne."

"Ke ma kin fara? Kullum tsoro, kullum tsoro."

Abin haushi, wai babban mutum da iyali ya koma gefe yana fakon tsoho kamar ɗan makaranta mai shirin tsallake katanga. Da rana ta take, Baba Pandurang ya ɗauki ƙunshin abincinsa ya nufi famfo ya wanke hannu. Hemant ya saɓi yarinya, ya ɗaga sarƙa ya sunkuya, ya gangara. Sulabha ta tsaya a sama tana kiransa ƙasa-ƙasa, wai kada a ji su a sha kunya.

Ya isa ƙasa, ya shaƙi iska, bai ji komai ba sai ɗan yaji a hanci.

"Kin gani ko? Ina iskar take?" ya ɗaga murya.

Ya sauke Manjiri a kan siminti don hannunsa ya samu sakewa. Ta zauna da guntun inabinta. Shi kuma ya juya mata baya, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana zagaya tankuna, yana yi wa abokansa bayanin yadda ake giya, shi da yau ya fara ganin tankin da idonsa.

Da ya gama ya waiwayo, ya gan ta kwance a gefe guda.

"Tashi mana, za ki ƙara ɓata rigar."

Ba ta motsa ba. Ya sunkuya zai ɗauke ta, numfashi biyu ya ja a wurin jiri ya kwashe shi, ya zube a kan gwiwoyinsa. A lokacin ne Sulabha ta manta da kunya ta kurma ihu.

Baba Pandurang ya yar da abinci ya sheƙo. Ya cika ƙirjinsa da iska a sama, ya riƙe numfashi, ya gangara ya sunkuci yarinyar ya fito. Sauran ma'aikata suka jawo Hemant. Shi iskar waje na bugunsa ya farfaɗo. Manjiri kuwa leɓɓanta sun sauya launi, haka aka sa ta a mota sai asibiti.

A barandar asibitin, abin da ya fara fitowa daga bakin Hemant shi ne, "Me ya hana su sa kwaɗo a wurin?"

Sulabha ta dube shi, idonta jawur. "An sa sarƙa, an sa allo, tsoho ya roƙe ka, ni na roƙe ka. Me kuma kake so a sa? Soja?"



Kwana tara yarinyar ta yi kafin ta buɗe ido. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta daɗe ba iska mai kyau, kuma abin da ya lalace ba lallai ya dawo ba. Yau shekara biyu ke nan. Manjiri tana raye, amma ƙafafunta ba sa ɗaukarta, cokali ma sai an riƙe mata. Uban ne ke saɓa ta zuwa asibiti duk ranar Talata.

Jama'a, wurin da aka ce ana maraba da yara ba a ce kowane lungunsa na yara ba ne. In mai aikin wuri ya ce kada a shiga, ku ji maganarsa ko da kun fi shi karatu, domin abin da babba zai tsallake lafiya yana iya nakasa ƙaramin yaro har ƙarshen rayuwarsa.