Gajeriyar Ƙofa

Mutane kan ce wuyan Baba ba ya lanƙwasuwa. Shi ya rantse gini ba aikin mace ba ne, ga shi yau 'yarsa na zagayawa da shi tsohuwar fadar da ta gyara ta zama gidan tarihi.

Yana ta kallon bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan rufi, sai ƙofa ta tuɓe masa hula.

"A sunkuya, Baba," ta ce tana dariya. "Da gangan magina suka gajarta ta, don ko mai fadar ya rusuna."

"Kuma ba ki ɗaga ta ba?"

"Ai na san kana tafe."

Ya duƙa ɗaukar hula, bai yi saurin miƙewa ba.

"Allah ya yi miki albarka, uwata. Ki yafe mini."