Ba Mu Kimtsa Ba

Kai da kake cewa ba a ja da mai takarda, gyara zama ka ji. Wani attajiri ya sayi tsofaffin gidaje uku a wata unguwa ta cikin gari, ya rushe su, ya ce bene hawa huɗu zai tayar, ɗaki arba'in, ya zuba 'yan haya. Dattawan unguwa suka same shi suka ce tagogin nan tsakar gidajensu za su riƙa leƙe, ga banɗakuna ba rufi, a nan iyalinsu ke wanka, a nan suke kitso. Ya zaro takardar izini ya kaɗa musu ita a hanci, suka koma gida. Abin da kuɗi suka mantar da shi, a unguwar nan magini ba ya taka tsani sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, kuma ba ya hawa sai matan maƙwabta sun amsa cewa sun kimtsa.

Ranar da za a ɗora hawa na biyu, magini ya yi kira. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, wadda katangarta ke manne da ginin, ta amsa da ƙarfi, "Ɗan nan, ba mu kimtsa ba!" Gidan gaba ya ɗauka, na bayansa ma haka, har ƙarshen lungu. Washegari amsar ba ta sauya ba, mako ya zagayo ba ta sauya ba. Magini ya kwashe kayan aikinsa, don a cikin muryoyin nan har da ta uwarsa. Attajiri ya fusata ya ɗauko magina daga wani gari, waɗanda ba ruwansu da kira. Suka iske masu jakuna sun daina kawo yashi, tifa kuwa ba ta shiga lungun, 'yan garuwa sun ce ba su san hanyar ba. Ashe takarda ba ta kwaɓa siminti. Da damina ta matso, dole ya buga kwano a kan hawa ɗaya, yana cizon yatsa. Ni kam abin ya yi mini daɗi, ba na ɓoyewa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.