Baduku da Ƙanensa a Gaban Likita

Kai da kake cewa mai lafiya ba ya zuwa asibiti, tsaya ka ji wannan. An yi wani baduku da ƙanensa, rumfarsu ɗaya a kasuwa. Ƙanen bai fi shekara ashirin ba hannunsa ya fara rawa, basilla tana kuɓuce masa, harshe ya yi nauyi, ido ya yi ɗorawa. Wasu suka ce shawara ce, aka yi ta ɗirka masa jiƙo. Wasu suka ce sammu, masu baƙin baki kuwa suka ce ƙwaya yake sha. Wannan zargin ne ya fi ƙona ran badukun, don ya san yaron, shi ya yi renonsa. Ya rufe rumfa, ya kai shi babban asibiti. Likita ta haska idon saurayin da fitilar awo, ta ga wani zobe ruwan ƙasa kewaye da baƙin idon. Ta sa aka auna jininsa, aka tara fitsarinsa na yini da kwana. Sannan ta ce sinadarin jan ƙarfe ne, wanda kowa ke samun ɗan kaɗan a abinci. Hantar mai lafiya takan fitar da rarar, tasa kuwa tara shi take yi tun yana goye, har ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ciwon gado ne, daga uwa da uba yake zuwa.

Sai ta dubi badukun ta ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke? To, kai ma zauna." Ya so ya yi musu, shi da ko ciwon kai bai cika yi ba. Amma ya waiwaya ya ga ƙanensa ya kasa kai kofin ruwa baki, sai ya naɗe hannun riga ya miƙa dantse. Aka sami ciwon a hantarsa, yana cin ta a ɓoye. Ya je ƙauye ya ɗauko ƙanwarsu, aka duba, ita Allah ya tsare ta. Su biyun suka kama magani na har abada. Ƙanen ya tashi, ko da yake jima da rini ya koma, don ɗinki ya fi ƙarfin yatsunsa. Shi kuwa badukun ya yi furfura yana zura zare a allura da kansa.

Shi ya sa magabata suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.