Ranar da Injin Ya Yi Shiru

Ranar da bakanike ya sauya wa tsohuwar motar wani direba fulogi ya liƙe hudar salansarta, direban ya iso gida Konni ba wanda ya ji shi. Shekara da shekaru rurin injin ke riga shi zuwa tun daga Tsarnawa, kullum ya tarar da gidansa tsit kamar masallaci, yana ta alfahari da tarbiyya.

Daga zaure ya jiyo shewa. Ya leƙa, sai ga matarsa sanye da hularsa, ta turo ciki, tana tari irin na injin, yara na tura ta suna cewa, "Baba, ta tashi?"

Bai taɓa jin dariyarta haka ba.

Ya sulale ya koma gareji. "Malam, huda salansar nan. Iyalina na buƙatar sanarwa."