Kofin Gwangwanin Kaka Nosipho

Ruan ya tsaya a ƙofar bayan gidan Kaka Nosipho, hula a hannu, takalmansa duk laka. Shekara goma majalisar gari tana alkawarin daidaito, amma har yau kwalta ba ta wuce unguwar su Ruan ta fararen fata ba.

Zoleka ta leƙo ta taga. "Kai, ƙofar gaba a buɗe take fa!"

"Shekara talatin kakarki ta ƙofar baya take shiga gidanmu," ya ce. "Ni ma ta nan zan shigo neman aurenki."

Kaka Nosipho ta ƙare masa kallo. Ta ɗauko tsohon kofin gwangwanin da aka ware mata lokacin tana musu aikatau, ta cika shi da shayi, ta miƙa masa. Zoleka ta yi tsuru-tsuru.

Ruan ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas. Ya saci kallon Zoleka, kunnuwansa sun yi jawur.

"Kaka, a ƙara mini," ya ce.

Tsohuwar ta tuntsire da dariya. "Ja'iri! Zoleka, kawo mana kofunan tangaran uku. Wannan na gwangwanin ya gama aikinsa, gobe a shuka fure a ciki."