Liyafar Surukai

Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Tela ya farka ya kasa kunne. Daga baranda ƙarar take fitowa, inda matarsa ta jera kayan liyafar gobe, don ta ce sanyin bana ya fi firiji aiki.

Ya leƙa. Ɗan akuyar maƙwabci ne. Ya cinye kabeji da karas, ya share burodi, yana lasar sukarin shayi. Suka kalli juna kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a mafarki.

Gobe ne surukansa za su fara cin abinci a gidan, kuma shi ya bar ƙofa a buɗe. Ya koma ya ja bargo.

Da safe matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Maigida, je ka sayo lemo. Kada ka yi sauri."

Da ya dawo, gida ya game da ƙamshin nama. Surukinsa yana ta santi: "Yaro, ashe ɗinki na biya haka?"

Maƙwabci ma ya leƙo gaisuwa, aka zuba masa. Ya tsotse ƙashi, ya lashe yatsu, ya dubi jama'a.

"Wai ba wanda ya ga ɗan akuyata?"