Taubasai a Tafkin Lagdo

Mahmudu mai sayar da tayoyin babur a kasuwar Garwa, in dai taubashinsa Hamadu na wurin, to ko garwashi ne sai ya taka. Hamadu ɗan kawunsa ne, sa'anni ne, tun suna yawo ba wando kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa. Wasan taubasai kuwa kun san shi: a faɗa maka baƙa, ka haɗiye, ka rama da wadda ta fi ta. Wanda ya ja da baya ya shiga uku, don a gidan suna da gidan biki shi za a yi ta yi wa dariya.

Hutun Babbar Sallah ya faɗo tsakiyar damina. Hanyar arewa ta zama sai a hankali, saboda haka su biyu da wasu abokai suka ɗaure tantuna a kan mota suka nufi tafkin Lagdo. Suka kafa su a rairayin bakin ruwa, suka baje soyayyen naman layya, sannan suka yi hayar ƙananan kwale-kwalen roba masu cin mutum ɗaya a wurin wani Robert. Burin Mahmudu ya kamo giwan ruwa da ƙugiya, a ɗauke shi hoto ya cika wa 'yan kasuwa baki.

Robert ya miƙo musu rigunan nan masu hana nutsewa. Mahmudu na zura tasa Hamadu ya kwashe da dariya, wai bawansa ya yi kyau da rigar mama, saura ɗankwali. Ai kuwa gogan naka ya tuɓe ta ya yi jifa da ita. Hamadu ma dole ya bar tasa, tunda bakinsa ya riga ya ja masa.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa tantuna, masunta na ta jawo jiragensu tudu. Abokai suka ce a haƙura sai gobe, kifi ba gudu zai yi ba. Mahmudu a ransa ya yarda, har ya fara naɗe zaren ƙugiyarsa.

Sai Hamadu ya ce, "Ku ƙyale shi. Bawana ne, na san shi, ko a baho aka sa shi sai ya kira Inna."

Aka tuntsire da dariya. Ran Mahmudu ya ɓaci. Ya san abin da sauran ba su sani ba: Hamadu, duk da a bakin kogin Binuwai ya girma, bai iya ruwa ba ko kaɗan. Maimakon sanin nan ya sanyaya shi, sai ya ga ya samu makami. Ya tura kwale-kwalensa ruwa, ya waiwayo ya ce, "Ga ruwa, ga kwale-kwale. Shege ka fasa."

Hamadu ya dubi hadari, ya dubi abokai, duk ido na kansa. Ya daina dariya. Amma ina shi ina fasawa a gaban bawansa? Ya ja nasa ya bi bayansa, Robert na ɗaga musu hannu su dawo, ko waiwaye ba wanda ya yi.

Ba su yi nisa can ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tafkin da ɗazu yake kwance luf ya tashi tsaye. Igiyar ruwa ta juya kwale-kwalen Mahmudu ta kife shi. Ya yi ta kokawa har Allah ya haɗa hannunsa da reshen wani busasshen itace, cikin itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin aka yi tafkin. Yana rungume da reshen ya ji muryar Hamadu cikin iska. Ba bawana ya ce ba, sunansa ya kira: "Mahmudu!" Daga nan bai ƙara jin komai ba sai rugugin ruwa.

Kafin magariba iska ta lafa, masunta suka ɓamɓare shi daga jikin itacen yana kakkarwa. Hamadu kuwa sai washegari aka tsamo gawarsa.

A zaman makoki a gidan kawu, can unguwar Pumpumre, kowa ya shigo sai ya dafa Mahmudu ya ce ya yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, ai wasa ne na zumunci. A ciki ana jin kukan Halime, matar mamacin, da 'ya'yanta. Mahmudu ya ji ya gaji, ya miƙe tsaye a tsakiyar tabarma.

Ya ce, "Kada wanda ya ƙara ce mini wasa ne. Allah ya nuna mana hadari da idonmu. Na san bai iya ruwa ba, na kira shi don kada a ce ni ne matsoraci."

Wani dattijo ya daka masa tsawa ya zauna, ba a irin wannan magana a gaban uban mamaci. Mahmudu ya ƙi zama. Ya ce sai duk yaron da ke wurin ya ji, ko da za a kore shi daga gidan.

Kawu ya ɗago kai idonsa jawur. Ya ce, "Ku bar shi ya faɗa. Tun suna yara, duk wanda ya ja da baya a cikinsu, ni nake fara yi masa dariya."

Jama'a, wasan taubasai don ƙarfafa zumunci aka yi shi, amma rai ba abin wasa ba ne. Wanda ya ga haɗari ya ja da baya, kada ku yi masa dariya. Kai kuma da ake zugawa, gara a kira ka matsoraci ka koma gida da ɗan'uwanka.